Tsirrai da Ginin Tsoka: Tsakanin Kwalbar Kasuwa da Tukunyar Gida

Jawabin da wani malamin ilimin halittu, ɗan wannan reshe, ya gabatar a gaban malaman Sabon Birni da Isa



Masu shirya wannan zama sun ɗora mini nauyin yin magana a kan yadda sinadaran da ke cikin tsirrai suke shafar girman tsokar ɗan Adam. Wani zai ce wannan ai maganar jami'a ce, me ya kawo ta zauren malaman firamare da sakandare, waɗanda albashi da ƙarin girma da rashin tsaro suka ishe su tunani? Amsar tana kasuwa. Duk wanda ya ratsa kasuwar Sabon Birni ko ta Isa ranar cinta ya ji mai lasifika yana tallar maganin ƙarfi, na kwalba da na ƙulli, yana rantsuwa cewa saiwa ce da ganye tsantsa. Yanzu tallar ta shiga waya, ta kuma sami sabon ado, wai masana kimiyya sun tabbatar. Samarinmu na manyan azuzuwa suna saye don damtse ya cika riga, 'yan mata suna sayen na ƙiba. A can ƙananan azuzuwa kuwa muna da yaran da babban yatsa da manuni za su zagaye damtsensu har su haɗu. Saurayin da ke neman ƙari da yaron da ke rasa abin da yake da shi, tambaya guda ce ta haɗa su: me ke gina tsoka? Mu ne ake tambaya a unguwa, saboda haka ya kamata mu san amsar.

Bari mu fara da ita kanta tsokar. Ita ce jan naman da muke gani idan mahauci ya feɗe dabba, kuma a jikin namiji baligi tana kai kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyinsa. Idan nama ya dahu liƙis, yakan rabu sili-sili. Kowane sili dami ne na zarurruka, kowane zare kuma ƙwayar halitta ce guda, siririya kamar gashi, amma tsawonta na iya kai santimita da yawa. Yawancin sauran ƙwayoyin jiki cibiya ɗaya suke da ita, inda umarnin aikinsu yake ajiye. Zaren tsoka kuwa cibiyoyinsa na kai ɗaruruwa, domin ƙananan ƙwayoyi ne masu yawa suka narke da juna suka zama shi tun ɗa yana ciki. Yawan zarurrukan nan kusan da shi ake haihuwar mutum. Ɗan kokawar da kuke gani ƙirji kamar faifai, zarurrukan da ya zo da su duniya ne suka yi kauri.

A shekarar 1961 wani masani a birnin New York, Alexander Mauro, yana duba tsokar ƙafar kwaɗo da madubin da ke aiki da lantarki, sai ya ga wasu ƙananan ƙwayoyi a lafe a jikin zaren, suna kwance kamar masu barci. Ni ina kiransu 'yan rakiya idan ina koyarwa. Idan tsoka ta sha aiki mai nauyi ko ta ji rauni, 'yan rakiyar nan ne ke farkawa, su hayayyafa, su narke cikin zaren su ƙara masa cibiyoyi, ya gyaru ya kuma ƙara kauri.

Abin da ya fi dacewa a kwatanta tsoka da shi shi ne ginin ƙasa. Kowa a nan ya san katangar laka ba a gama gininta: damina ta zaftare, rani a yi yaɓe. Tsoka ma haka take, sai dai nata zaftarewa da yaɓen kullum ne, domin jiki yana rushe kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na furotin ɗinta a kowace rana ya sake ginawa. Idan yaɓe ya rinjayi zaftarewa, mutum ya murje. Idan zaftarewa ta rinjaya, ya rame. A cikin ƙwayar akwai wani sinadari da masana ke kira mTOR, wanda matsayinsa na sarkin magina ne, shi ke cewa a kwaɓa ƙasa a hau aiki. Abubuwan da ke tashinsa sanannu ne: jan nauyi, da insulin, da wani tubalin furotin mai suna lusin. Akwai kuma mai tsawatarwa, mayostatin, wanda Se-Jin Lee da Alexandra McPherron suka gano a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka a 1997, aikinsa shi ne ya ce ginin ya isa haka. A ƙasar Beljiyam akwai wani irin shanu da aka haifa da mayostatin maras aiki. Tsoka ta yi musu curi-curi har ba kyan gani, in aka jera su da bokolojinmu sai a ce ba jinsi ɗaya ba ne, amma yawancin shanun ba sa iya haihuwa sai an yi musu tiyata. Mai son a cire wa jiki linzami ya dubi waɗannan shanu.

To, ta yaya ake gane cewa wani ganye yana taɓa wannan aiki? A nan ne nake son mu daɗe, domin nan ne mai talla yake fakewa. A 1977 David Yaffe da Ora Saxel, a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila, suka ɗebi ƙwayoyi daga cinyar ɓera suka raya su a faranti. Jikokin waɗannan ƙwayoyi, da ake kira C2C12, har yau su ne ake aiki da su a ɗakunan gwaji na duniya. Ana zuba musu ruwan abinci su yi ta hayayyafa, in aka rage musu abincin sai cikin 'yan kwanaki su narke da juna su zama zarurruka irin na tsoka. Mai bincike sai ya ɗiga ruwan ganyen da yake son gwadawa, ya jira kwana biyu ko uku, ya auna kaurin zaren. In ya ƙaru, ya rubuta cewa sinadari kaza yana ƙara girman ƙwayar tsoka. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar faranti.

Akwai wani abu a cikin wannan gwaji da nake roƙon malamai mata su kai shi azuzuwan 'yan mata. Sau da yawa mai bincike yana so ya fara ramar da zaren tukuna, don ya ga ko ganyen zai farfaɗo da shi. Maganin da aka fi amfani da shi wajen ramar da tsoka a faranti shi ne deksametason. Wannan deksametason ɗin yana cikin ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a ɓoye, irin waɗanda ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe. Wato abin da yarinya ke sha don ta yi jiki, shi masana suka zaɓa don yana cinye tsoka. Abin da ke cika fuska da ciki ruwa ne da kitse, hannuwa da cinyoyi kuwa sirancewa suke yi, ga hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi suna biye. Magani ne mai amfani ƙwarai a hannun likita, ga cutar da ta dace da shi. Wanda ya daɗe yana sha kuma kada ya yanke shi rana ɗaya, domin yankewar gaggawa na iya kayar da mutum. Ya je asibiti a rage masa sannu a hankali.

Mu koma ga tsirrai. Sakamako masu ban sha'awa sun fito, ba na musun haka. A 2011 ƙungiyar Christopher Adams a Jami'ar Iowa ta Amurka ta nuna cewa wani sinadari da ke cikin ɓawon tuffa, asid ɗin ursolik, yana rage ramewar tsoka a jikin ɓeraye, har ya ƙara musu ƙarfi. A 2014 ƙungiyar ta sake samun irin wannan sakamako da tomatidin, wanda asalinsa ɗanyen tumatir ne kore shar. A 2019 masana a birnin Balin na Jamus suka gwada ekdisteron, wanda ake samu a alayyafon Turawa, a kan samari 46 da suka yi mako goma suna ɗaga ƙarfe. Waɗanda suka sha sun fi sauran samun tsoka, har hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta sa sinadarin cikin abubuwan da take sa wa ido tun daga 2020. A lura, alayyafon Turawa wani tsiro ne dabam da alayyafon da muke miya da shi. Fassara ce ta haɗa su suna ɗaya, mai talla kuwa ya ji daɗin wannan haɗi.

Sai dai tsakanin faranti da jikin mutum akwai tafiya mai nisa. Faranti ba shi da ciki, ba shi da hanta, ba shi da ƙoda. Abin da aka ɗiga wa ƙwaya yana isa gare ta kai tsaye, alhali abin da mutum ya haɗiya sai ya tsallake ruwan ciki, hanji ya yarda ya tsotse shi, hanta ta sarrafa shi ta zubar da mafi yawansa, ɗan abin da ya rage ya watsu cikin lita biyar na jini. Asid ɗin ursolik, alal misali, ƙalilan ne daga cikinsa ke ratsa hanji, shi ya sa gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane suka fito ƙanana, wasu sun ga amfani wasu ba su gani ba. Ɓera kuma ba mutum ba ne, kuma akan ba shi abin da in aka auna da nauyin mutum ba mai iya cinsa daga abinci. Ko a gwajin Balin, da aka auna ƙwayoyin da aka sayo daga kamfani, takarda ta ce miligiram 100 ke cikin kowace, awo ya nuna 6. Wannan a Turai ke nan, inda ake bin kamfanoni da bincike. Me za mu ce game da kwalbar da ba ta da lambar hukumar NAFDAC, wadda aka ɗura a bayan mota?

Wani lokaci ma sakamakon yakan juya. A 2013 masana a ƙasar Danmak suka ba dattawa masu kimanin shekara 65 resberatirol, sinadarin fatar inabi da aka yi ta yayatawa, miligiram 250 a kullum har mako takwas, suna kuma motsa jiki. Waɗanda suka sha sun sami ƙarancin amfanin motsa jikin idan aka kwatanta da waɗanda aka ba ƙwayar banza. Ga alama ɗan wahalar da aiki ke jawo wa ƙwayar tsoka ita ce saƙon da ke sa ta ƙarfafa, sinadarin kuwa ya danne saƙon.

Tsirranmu na gida, zogale da kuka da hulba da sauransu, an yi rubuce-rubuce a kansu a jami'o'inmu na Sakkwato da Zariya da Kano. Aiki ne mai daraja, amma mafi yawansa awon abin da ke cikin ganye ne ko gwaji a kan ɓera. Don haka idan ɗalibi ya kawo muku waya ya ce ga bincike, ku tambaye shi: a faranti aka yi, ko a ɓera, ko a mutum? In a mutum ne, mutum nawa, sun sha nawa, kuma wa ya biya kuɗin binciken? Wannan tambaya kaɗai darasin kimiyya ce cikakkiya, ta fi haddar sunayen ƙasusuwa amfani a rayuwar yaro.

Ko da ma a ce sinadarin ya yi aiki yadda aka so, iyakarsa ya tashi sarkin magina. Sarkin magina kuwa ko ya kwana yana kira, in ba ƙasa ba ruwa ba tubali, katanga ba za ta tashi ba. Tubalin tsoka furotin ne, shi kuma an harhaɗa shi daga ƙananan tubala iri ashirin, tara daga ciki jiki ba ya iya ƙera su, dole a ci su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wa baligi giram 0.83 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 60 yana buƙatar kimanin giram 50. Mai aikin ƙarfi da mai shayarwa da marar lafiyar da ke murmurewa sun fi haka buƙata. A nan ne tsirrai suke yi wa tsoka babban aikinsu, ba tare da lasifika ba.

Gero yana da furotin kamar kashi 11 cikin ɗari, amma yana da ƙarancin tubali guda mai suna laisin, kuma magini in tubali iri ɗaya ya yanke masa, aiki ya tsaya ko da sauran sun yi tsibi. Wake yana da kusan kashi 24 cikin ɗari, yana da laisin a wadace, abin da ya gaza a kansa kuma gero yana da shi. Manoman wannan fadama ta Gulbin Rima, tun zamanin da Alƙalawa take birnin Gobir kafin faɗuwarta a 1808, ba su san sunan laisin ba, amma gero da wake suke haɗawa a gona ɗaya, su kuma haɗu a tukunya ɗaya. Ƙosai da koko, ɗanwake, dafa-dukan dawa da wake, kunun gyaɗa, daddawa a miyar kuka, fura da nono, duk wannan haɗin ne. Awara ta zo daga baya ta shiga sahu, kuma waken suya ya fi su duka furotin.

Zogale ya cancanci a yi masa adalci, domin an zuzuta shi har ya wuce matsayinsa. Busasshen ganyensa kusan rubu'insa furotin ne, gaskiya ne. Amma babban cokali guda na garinsa, wanda bai wuce giram 8 ba, furotin ɗinsa giram 2 ne kacal daga cikin 50 ɗin da muka ambata. Wanda ya sayi garin zogale a roba da tsada yana barbaɗa rabin cokali a shayi ya sami ɗan bitamin, bai sami tsoka ba. Kwano guda na kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli wani abu ne dabam, domin ganyen da yawa ake ci, ƙuli-ƙuli kuma fiye da kashi 40 cikin ɗari nasa furotin ne. Kwaɗon da uwa ke yi da abin da ke bayan ɗaki ya fi robar kanti, kuma maƙwabtanmu na Jiratawa a jihar Maraɗi sun mayar da noman zogale sana'ar rani da damina.

Tsiro kuma yana da makamansa na kare kai. Ɗanyen wake yana ɗauke da sinadarin da ke hana hanji narkar da furotin, amma dahuwa sosai tana kashe shi. Jar dawa mai ɗaci tana da tanin, abin nan mai bauri da majema ke samu a bagaruwa don jeme fata. Yadda yake kama furotin ɗin fata haka yake kama na abinci. Jiƙa hatsi, da barinsa ya yi tsami kamar yadda ake yi wa gasara da kamu, da tsirar da shi, duk suna rage wannan cikas. Ɗan garin tsiron gero in aka zuba a kunu mai kauri yana ɗumi, sai ya tsinke ba tare da an ƙara ruwa ba, yaro mai ƙaramin ciki ya sha mai yawa. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna kuwa a zubar da su. Binciken da aka yi a kan yara 480 a Benin da Togo, aka buga a 2002, ya nuna yaran da suka tsumbure sun fi sauran gubar funfunar nan a jini.

Masu sha'awar kokawa a cikinmu sun san cewa lokacinta kaka ne, bayan an yi wata huɗu ana noma da huɗa, an ɗauki damman gero a ka, rumbu ya cika, nono ya wadata. Tun daga Kantu na Maraɗi, wanda ya ɗauki takobin farko na gasar Nijar a Tawa a 1975, har zuwa 'yan kokawar ƙauyukanmu, kowa yana da layarsa da tsiminsa, ban kuma zo in yi musu da kowa a kan wannan ba. Abin da na sani shi ne ba a taɓa ganin wanda ya sha tsimi ya kwanta a inuwa damina guda, ya tashi ya kayar da manomi ba.

Yanzu ga inda maganar ta fi yi mini nauyi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Tun daga lokacin kowa ya san abin da ya sami wannan yanki. Satar shanu ta ɗauke nono daga cikin fura, ta bar gari da ruwa. Gonakin nesa sun gagara zuwa, wake kuwa shi ke daɗewa a gona bayan an girbe gero, saboda haka shi ake fara rasawa, ɗan wanda aka samu kuma a sayar don biyan wata larura. Dubban 'yan'uwanmu sun ƙetara zuwa jihar Maraɗi. Jikin yaron da bai sami abinci ba tsokarsa yake rushewa ya ciyar da ƙwaƙwalwa da zuciya, zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tsutsar ciki kuma suna ƙara saurin rushewar. Dalilin da ya sa ma'aikatan lafiya ke auna damtse ke nan da tef mai launi uku. Ga yaro daga wata shida zuwa shekara biyar, ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga nan zuwa 12.5 rawaya, sama da haka kore.

Maganin wannan hali ma daga tsiro ya fito, kuma a maƙwabtanmu aka nuna wa duniya ƙarfinsa. A 1996 wani likita Bafaranshe, André Briend, tare da Michel Lescanne, suka haɗa gyaɗa da garin madara da sukari da mai da bitamin suka yi abincin da ake kira Plumpy'Nut, ƙunshi guda giram 92, ba ya buƙatar ruwa ko wuta. A yunwar 2005 ƙungiyar likitocin nan ta Na-gari Na-kowa, MSF, ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, akasarinsu kuma a gida a hannun iyayensu mata. Babu wani sinadarin asiri a cikinsa. Tubali ne da makamashi, aka ba jiki ya yi sauran aikin. Magani ne na yaron da aka rubuta wa shi. Babban da ya saye shi a kasuwa yana lasa don daɗi, ya san daga bakin wa aka ƙwace shi.

Akwai kuma tsiron da ke cin tsoka, yana nan a bakin katangar makarantu da yawa. Ina nufin rai ɗore, wanda wasu ke kira sanga-sanga. Likitocin dabbobi sun daɗe da sanin cewa shanun da suka ci 'ya'yansa da yawa tsokarsu takan lalace, su kasa tashi, fitsarinsu ya yi duhu. A yammacin jihar Uttar Pradesh ta Indiya, wajen Saharanpur, an yi shekaru duk ƙarshen damina yara ƙanana na mutuwa da wata cuta mai farawa da amai ta ƙare da suma, ana ɗaukarta ciwon ƙwaƙwalwa ne na ƙwayar cuta. A 2007 likita Vipin Vashishtha da T. Jacob John da abokan aikinsu suka nuna cewa 'ya'yan wannan tsiro ne yaran talakawa ke ɓarewa suna ci ɗanye, su lalata musu hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa. Kusan uku cikin huɗu na waɗanda suka kamu ba su tashi ba. Da aka wayar da kan iyaye aka kuma sare tsiron daga unguwanni, cutar ta ja baya ƙwarai. Yaron da ya ƙoshi ba ya kula 'ya'yan rai ɗore, mai jin yunwa ne ke kai hannu, mu kuwa muna da su a azuzuwanmu. Kada a rikita shi da tafasa, wadda dafaffen ganyenta abinci ne tun kaka da kakanni, ko da yake ita ma 'ya'yanta ba na ci ba ne. Duk mai cewa abin da ya fito daga ƙasa ba ya cutarwa, a nuna masa wannan tsiro.

Iyayenmu da suka yi ritaya, ku ma maganar ta shafe ku. Bayan shekara talatin tsoka tana raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a duk shekara goma, bayan sittin kuma saurin ya ƙaru. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2007, dattawa masu ƙoshin lafiya da aka kwantar a gado kwana goma sun rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafafu. Tsokar dattijo ba ta jin kiran sarkin magina da wuri, saboda haka tana son furotin a kowane ci, da aiki kullum. Tafiya masallaci da ƙafa, ɗan lambu a bayan gida, tashi daga tabarma ba tare da an miƙo hannu ba, kada ku bari jikoki su raba ku da su da sunan girmamawa. Kuɗin fanshon da zai tafi ga kwalba, a sayi mudun wake da ƙwaryar nono.

Ya shugaba, ina da roƙo ga reshe. Shirin ciyar da ɗalibai da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 da naira 70 a kan kowane yaro an dakatar da shi a farkon 2024 tare da sauran shirye-shiryen tallafi. Ya kamata muryarmu ta shiga cikin masu neman ya tsaya da ƙafafunsa, kuma mu nemi wake ko gyaɗa ko awara su kasance a kwanon yaro kowace rana, a sayo su daga manoman yankin. Kafin wannan ya samu, makarantar da ke da katanga da rijiya za ta iya dasa layin zogale ta shuka wake a filinta, malamin aikin gona ya mayar da shi darasi. Ina kuma neman reshe ya rubuta wa sashen lafiya na ƙananan hukumomin biyu, a koya wa malaman ajin share fage awon damtse a ba su tef ɗin, domin yaron da ya faɗa ja a tura shi asibiti a makon da aka gan shi. Rai ɗore kuwa ba ya jiran takarda daga kowa: kowane shugaban makaranta ya sa a tuge shi daga harabarsa da hanyar da yara ke bi tun yana fure, kafin ya yi 'ya'ya a ƙarshen damina, a kuma kai reshe guda cikin aji a nuna wa yara shi da sunansa.